Koyon taici da cigong a ƙasar Sin: abin da ya kamata ɗan Nijar ya sani kafin ya ɗaura kaya

Daga ranar 31 ga watan Oktoba zuwa 13 ga watan Nuwamban 2026, birnin Dakar na ƙasar Senegal zai karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na matasa, karon farko ke nan da wata gasar Olamfik za ta gudana a nahiyar Afirka. A cikin jerin wasannin akwai wushu, abin da a Yamai aka fi sani da kunfu, kuma a ƙarƙashinsa samari da ƴan mata za su yi takarar lambobin yabo a taici, wasan nan na Sinawa da ake yi sannu-sannu kamar mai tafiya cikin ruwa. Albarkacin wannan gasa, da kuma bidiyoyin makarantun ƙasar Sin da ke yawo a wayoyin salula, ya dace a duba yadda baƙo ke zuwa can ya koya. Tafiyar mai yiwuwa ce, amma tana cin kuɗi, tana da dokoki, kuma akwai ramukan da mutum kan iya faɗawa tun bai bar filin jirgin saman Diori Hamani ba.

Su wa maganar ta shafa?

Sinawa, ko Shinuwa kamar yadda ake kiran su a kasuwa, ba baƙi ba ne a Yamai. Nijar da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 20 ga watan Yulin 1974. Hulɗar ta katse a 1992 lokacin da magabatan riƙon ƙwarya suka amince da Taiwan, aka kuma maido da ita ranar 19 ga watan Agustan 1996. Sinawa ne suka gina filin wasa na Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 1989, da gada ta biyu a kan kogin Isa da aka buɗe a 2011, da babban asibitin ƙwararru da ake kira Référence da aka ƙaddamar a 2016. Tun 1976 lardin Guangxi ke aiko da ayarin likitoci zuwa Nijar, sannan gidan rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da harshen Hausa tun 1963.

Duk da wannan kusanci, mutane kaɗan ne suka san bambancin kunfun sinima da taici. Waɗanda abin kan ja hankalinsu sun kasu. Akwai matasan da suka tashi da finafinan Bruce Lee, Jackie Chan da Jet Li, masu son ƙwarewa da lambar yabo. Akwai ma'aikatan ofisoshin Filato, unguwar ma'aikatun minista da manyan hukumomi, waɗanda ke wuni a kan kujera gaban kwamfuta, likita ya ce musu tansiyo ya hau ko gwiwa ta fara ciwo, suka shiga sahun masu zagaya filin Seyni Kountché da asuba ko bayan la'asar. Akwai kuma malaman motsa jiki na makarantu da ma'aikatan kiwon lafiya masu neman ƙarin sana'a. Kowane ɗaya daga cikinsu tafiyarsa daban ce, kuma kuskure na farko shi ne mutum ya biya kuɗin makarantar da ba ta dace da buƙatarsa ba.

Mene ne taici, mene ne cigong?

A takardun makarantu za a ga an rubuta «tai chi», «taiji» ko «taijiquan». Kalmar ƙarshe, «quan», tana nufin dunƙulallen hannu, abin da ke nuna cewa asalinsa dabarar faɗa ce. Akasarin masana tarihi suna danganta farkonsa da wani tsohon soja mai suna Chen Wangting, wanda ya rayu a ƙarni na 17 a ƙauyen Chenjiagou, cikin lardin Henan. Zuri'ar Chen sun daɗe suna riƙe da ilimin a cikin gida, kamar yadda wasu gidajen ƙira ko wanzanci ke riƙe sirrin sana'arsu, har sai da wani baƙo daga lardin Hebei, Yang Luchan (1799-1872), ya zo ya zauna shekaru a hannun Chen Changxing. Shi ne ya kai wasan birnin Bejin. Daga nan aka samu manyan salo biyar da ake koyarwa a yau: Chen, Yang, Wu, Wu-Hao da Sun. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta fitar da sauƙaƙƙen tsari mai motsi 24 da ake gamawa cikin minti biyar zuwa shida, kuma shi ne ya fi yaɗuwa a duniya. A watan Disamban 2020 hukumar UNESCO ta saka taici cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Cigong, da ake rubutawa «qigong», ya fi taici tsufa, kuma ba ruwansa da faɗa. «Qi» na nufin iska ko numfashi, ko kuma ƙarfin rai a fahimtar likitancin gargajiya na Sinawa. «Gong» na nufin ƙwarewar da ake samu da naci. A 1973 an tono wani ƙyallen siliki a kabarin Mawangdui, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗauke da zanen mutane 44 suna miƙe jiki da lanƙwasa shi. Sunan cigong kansa bai yaɗu ba sai cikin shekarun 1950, lokacin da wani mai suna Liu Guizhen ya shigar da shi gidajen jinya na gwamnati. A 2003 hukumomin wasanni na Sin suka tantance tsari huɗu na «cigong na lafiya». Mafi shahara shi ne Baduanjin mai motsi takwas, sai Wuqinxi mai kwaikwayon dabbobi biyar, wato damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu, sai Yijinjing da Liuzijue.

A taƙaice, cigong motsi kaɗan ne da ake maimaitawa tare da numfashi, mutum na iya kama shi cikin ƴan makwanni. Taici jerin motsi ne mai tsawo da ke buƙatar tuna taku, juya ƙugu da sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa. Yana kuma da ɓangaren mutum biyu da ake kira tura-hannu, inda kowa ke neman gano inda nauyin abokinsa ya karkata. Duk wanda ya taɓa kallon gasar takobi ta kokowar gargajiya, wadda ake yi a Nijar tun 1975, zai gane wannan lissafi.

Abin da binciken likitoci ya tabbatar

Har yanzu kimiyya ba ta auna wani abu a jikin mutum mai suna «qi» ba. Abin da aka auna shi ne tasirin motsin. A 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta wallafa binciken da aka yi a jihar Oregon ta Amurka a kan mutum 195 masu ciwon makyarkyata na Parkinson: waɗanda suka yi taici sau biyu a mako tsawon wata shida sun fi sauran iya tsayuwa daram. A 2018 jagoran wannan bincike, Fuzhong Li, ya sake yin wani a kan tsofaffi 670 masu shekara 70 zuwa sama, inda faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wurin masu taici idan aka kwatanta da masu miƙe jiki kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa.

A 2016 wani bincike a birnin Boston a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa na zaizayar guringuntsi ya nuna cewa taici ya rage zafi daidai da gashin ƙashi na asibiti. A 2024 likitocin Sin sun bi mutum 342 da jininsu ya fara hawa tsawon shekara guda: lambar sama ta awon jini ta sauka da wajen maki 7 a wurin masu taici, da kusan maki 5 a wurin masu sassarfa da tuƙa keke.

Saukar maki 7 taimako ne, amma ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini ga wanda likita ya ɗora a kai. Babu wani ingantaccen bincike da ya nuna taici ko cigong na warkar da kansa, ciwon sukari ko sikila. Duk makarantar da ta yi wa majinyaci irin wannan alkawari, ko ta ce ya ajiye maganinsa, to aljihunsa take hange.

Ina ake zuwa?

Ƙofa ta farko ita ce jami'a. Jami'ar wasanni ta Bejin, da aka kafa a 1953, da ta Shanghai, da aka kafa a 1952, suna da sassan wushu da ke karɓar baƙi, daga kwas na ƴan makwanni har zuwa lisansi, masta da doktora. Jami'o'in likitancin gargajiya su ma suna koyar da cigong. Amfanin wannan hanya shi ne takardar shaida da wata hukuma za ta iya dubawa, da kuma biza ta ɗalibi ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba.

Ta biyu ita ce ƙauyen Chenjiagou kansa, a gundumar Wen, arewa da Rawayen Kogi, inda ake sauka ta filin jirgin saman birnin Zhengzhou. Makarantun zuri'ar Chen na karɓar baƙi na wata guda, wata uku ko shekara. Salon Chen yana da durƙuso mai zurfi da bugun ƙafa, don haka mai ciwon gwiwa ya yi tambaya sosai kafin ya zaɓe shi.

Ta uku ita ce duwatsun Wudang a lardin Hubei, cibiyar addinin Tao, da UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Almara ta ce a nan ne wani waliyyinsu mai suna Zhang Sanfeng ya ƙirƙiri taici, ko da yake masana tarihi ba su samu hujjar hakan ba. Makarantun Wudang kan haɗa taici da cigong da zaman natsuwa, kuma su ne suka fi kusanci da ibadar Tao.

Ta huɗu ita ce garin Dengfeng, inda haikalin Shaolin na mabiya Buddha yake tun shekara ta 495. Fim ɗin Jet Li na 1982 ne ya mayar da garin kasuwar makarantun kunfu. A nan tsalle, gudu da bugu suka fi yawa, taici na zuwa ne a matsayin ƙari. Ya dace da matashi mai ƙarfi, bai dace da ma'aikacin da ya doshi ritaya ba.

Ƴan Afirka sun riga sun share wannan hanya. Luc Bendza ɗan ƙasar Gabon ya tafi Sin yana matashi cikin shekarun 1980, ya yi karatu a jami'ar wasanni ta Bejin, daga bisani ya shiga finafinan Sinawa. Dominique Saatenang ɗan Kamaru ya yi horo a Shaolin har haikalin ya naɗa shi jakadansa na al'adu. Daga 2013 ma'aikatar al'adu ta Sin ta fara gayyatar rukunin matasan Afirka, wajen mutum 20 a kowane zango, su yi wata uku a Shaolin, kuma a 2023 an yi gasar kunfun Shaolin ta Afirka a birnin Lusaka na Zambiya.

Kuɗin tafiya: tallafi ko aljihu

Gwamnatin Sin na bayar da tallafin karatu ta hannun hukumarta da ake kira CSC. Cikakken tallafi ya ƙunshi kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya da kuɗin kashewa na wata: yuwan 2,500 ga ɗalibin lisansi, 3,000 ga na masta, 3,500 ga na doktora. Da yake yuwan guda na kai-komo a wajen sefa 80, yuwan 2,500 ya tasam ma jika 200. Akwai iyakar shekaru: ƙasa da 25 ga lisansi, ƙasa da 35 ga masta, ƙasa da 40 ga doktora. A Nijar guraben da ƙasashen waje ke bai wa gwamnati kan bi ta hukumar ANAB mai kula da alawus da tallafin ɗalibai, sannan ana iya nema kai tsaye daga jami'ar da ake so. Akasari ana ajiye dosiye ne a watannin farko na shekara domin shiga aji a watan Satumba. Wannan tallafi na jami'a ne, ba ya biyan makarantar ƙauye ko ta kan dutse.

Mai tafiya da aljihunsa sai ya yi lissafi da kyau. Makarantun kuɗi da ke karɓar baƙi kan caji ɗaruruwan dalar Amurka a wata, haɗe da kwana da abinci, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun watan Janairun 2024. A kan haka za a ɗora tikitin jirgi, domin babu jirgin da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Sin, sai an yada zango a Adis Ababa ko Istanbul. Sai kuɗin biza, gwajin asibiti, fassarar takardu, inshora, jirgin ƙasa na cikin gida da kayan sanyi. Mai hankali kan ware wani abu a gefe saboda rashin lafiya ko sauya makaranta, kuma ba ya biyan kuɗin shekara guda a dunƙule kafin ya ga wurin da idonsa. Gani ya kori ji.

Biza da takardu

Bizar karatu iri biyu ce. X2 ta zaman da bai wuce kwana 180 ba ce, X1 kuma ta wanda ya wuce haka. Mai neman X1 na buƙatar wasiƙar karɓa daga makaranta da wata takarda mai suna JW201 idan tallafin gwamnati ne, ko JW202 idan da kuɗinsa zai yi karatu. Bayan ya sauka yana da kwana 30 ya mayar da bizar ta zama izinin zama a ofishin ƴan sanda masu kula da shige da fice. Kowane baƙo kuma dole a yi masa rajistar masauki cikin awa 24 da isarsa. Otal kan yi wannan da kansa, amma wanda ya sauka a gidan wani, shi da mai gidan za su je caji ofis.

A nan ne tarko mafi hatsari yake. Ba kowace makarantar kunfu ke da izinin karɓar ɗalibai baƙi ba. Wasu kan ce mutum ya shigo da bizar yawon buɗe ido, wai za a gyara daga baya. Idan gyaran bai yiwu ba, wanda ya zarce wa'adin bizarsa na biyan tarar yuwan 500 a kowace rana, wajen jika 40 ke nan, har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare shi daga kwana 5 zuwa 15. Haka nan bizar ɗalibi ba ta ba da damar yin aiki ko kasuwanci ba tare da izini ba. Wanda ke tunanin haɗa taici da saro kaya a unguwar Xiaobei ta birnin Guwanzu, inda ƴan kasuwar Afirka ta Yamma ke sauka, ya san da wannan.

Sauran takardun sun haɗa da fasfo mai sauran wa'adin aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara, takardar kotu ta shaidar rashin laifi da ake kira kaziye, da fam ɗin gwajin lafiya na baƙi, wanda ya ƙunshi awon jini, hoton ƙirji da awon zuciya, kuma wata shida kawai yake aiki. Takardun karatu kan buƙaci fassara da hatimin hukuma. Da yake sharuɗɗa kan sauya, kuma hulɗar ƙasashen biyu na da hawa da sauka, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2025 lokacin da magabatan Nijar suka sallami wasu shugabannin kamfanonin man fetur na Sin su uku, abin da ya fi shi ne a tambayi ofishin jakadancin Sin da ke Yamai kafin a aika wa kowa ko dala.

Rayuwa a makaranta

Bidiyo na nuna dattijo cikin fararen kaya yana lilo da hannu a bakin tafki. Ranar ɗalibi ba haka take ba. A makarantun kwana ana tashi da asuba, a yi horo awa biyar zuwa shida a rana, kwana biyar ko shida a mako. Makwannin farko kan ƙare a tsayuwar turke, inda mutum zai ɗan durƙusa ya buɗe hannuwa kamar ya rungumi kuka, ya tsaya har cinyoyinsa su yi rawa, sai maimaita taku guda sau ɗari. Malamai na gyara jiki da hannu fiye da baki. Mace da ba ta son namiji ya taɓa ta, ta tambaya tun kafin ta biya ko akwai malama.

Sanyin lardin Henan a watannin Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da sifili, nesa ba kusa ba da hunturun Yamai, kuma ɗakunan ƙauye ba duka ke da na'urar ɗumama ba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi. Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba, sun fi sauƙi ga baƙo.

Faransanci ba ya kai mutum ko'ina a can. Makarantun da suka saba da baƙi kan samar da tafinta na Ingilishi, jami'o'i kuma kan nemi shaidar jarrabawar Sinanci ta HSK ko su ba ɗalibi shekara guda ta koyon harshe. WhatsApp, Facebook da Google a toshe suke a Sin. Da WeChat ake magana, da shi ko Alipay ake biyan kusan komai, don haka gara a buɗe wa iyali WeChat tun a gida. Sin na gaban Nijar da awa bakwai: idan ɗalibi ya gama horon safe, mutanen gida ba su yi sallar asuba ba.

Abinci da addini

Naman alade shi ne naman yau da kullum a ɗakin girkin Sinawa, kuma mansa kan shiga har cikin ganye. Kalmar da Musulmi zai riƙe ita ce «qingzhen», ana furta ta «cinjan», ma'anarta halal. Musulmin ƙabilar Hui na da yawa a Henan, kuma shagunan taliyar naman sa irin ta Lanzhou, waɗanda akasari Musulmi ke riƙe da su, ana samun su kusan a kowane gari. Amma makarantar kwana tukunya ɗaya take dafawa, sai an yi yarjejeniya a rubuce kan abinci, lokutan salla, Juma'a da azumi.

Tambayar ko taici na karo da aƙida tambaya ce da ta dace. Tunanin da ke bayansa, na daidaito tsakanin «yin» da «yang», ya fito ne daga falsafar Sinawa ta dā da addinin Tao. Sai dai tsarin da ake koyarwa a jami'o'i da asibitoci motsa jiki ne, babu addu'a ko bauta a cikinsa, kuma gaisuwar da aka saba ita ce a haɗa dunƙulen hannun dama da tafin hagu a gaban ƙirji, a tsaye. Inda ake samun matsala shi ne bikin zama almajirin gida, wanda a al'adance ya ƙunshi durƙusawa a kai goshi ƙasa gaban malami, da ƙona turare gaban hotunan magabata. Ɗalibin da ya biya kuɗin aji ba dole ba ne ya yi wannan, kuma yana da damar ya ce a'a cikin ladabi. Mai shakka ya zauna da malaminsa na addini kafin tafiya, ya bayyana masa abin da ake yi dalla-dalla.

Musulmin Sin kansu suna da dogon tarihi a wushu. Salon Chaquan da Tantui sun shahara a tsakanin ƴan Hui, kuma Wang Ziping (1881-1973), ɗaya daga cikin manyan malaman ƙarni na 20, Musulmi ne daga garin Cangzhou. A ɓangaren doka, baƙo na iya salla a masallatan da hukuma ta amince da su, irin su Niujie a Bejin da Huaisheng a Guwanzu, amma wa'azi ko tara jama'a ba tare da izini ba laifi ne. Haka nan ƙungiyar Falun Gong, wadda ta fito daga guguwar cigong ta shekarun 1990, haramtacciya ce a Sin tun watan Yulin 1999, kuma shiga ƙasar da littattafanta na iya jefa mutum cikin babbar matsala.

Yadda ake gane malamin bogi

Cikin shekarun 1980 da 1990 ƙasar Sin ta cika da masu da'awar warkar da cuta daga nesa ko ture mutum ba tare da taɓa shi ba. Irinsu ba su ƙare ba, intanet ma ta ƙara musu kasuwa. A watan Afrilun 2017 wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya kayar da wani mai kiran kansa gwanin taici, Wei Lei, cikin ƴan daƙiƙoƙi a birnin Chengdu. A watan Mayun 2020 wani mai suna Ma Baoguo ya sha ƙasa sau uku cikin rabin minti. A wannan shekara ƙungiyar wushu ta ƙasar Sin ta yi kira ga masu koyarwa da su daina laƙaba wa kansu sunayen «babban gwani».

Malamin kirki na iya faɗin wanda ya koya masa da tsawon shekarun da ya yi. Sin na da tsarin darajoji tara na wushu da ake kira «duan», da aka kafa a 1998, ana iya tambayar wanne malami yake da shi. A nemi lambar tsofaffin ɗalibai baƙi, a ji ta bakinsu. A tambayi wa zai tsaya a gaban aji kullum, domin sau da yawa sunan babban malami ne a allo, yaransa ke koyarwa. A nemi sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce. Mai alkawarin takardar zama malami cikin mako biyu, ko ɗan tsakiyar da ke neman a tura masa kuɗi ta waya domin «gurbi», a bar shi da kayansa.

A fara daga gida

Tarihin wasannin Nijar ya nuna cewa fita waje na da amfani idan an tafi da tushe. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya riga ya iya taekwondo kafin ya koma horo a garin Friedrichshafen na Jamus, daga nan ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a Olamfik na Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Haka lissafin yake ga taici. Wanda ya isa Sin bai taɓa tsayuwar turke ba, zai kashe watansa na farko da kuɗinsa a kan abin da zai iya koya a tsakar gidansa.

Baduanjin da tsarin motsi 24 duka suna nan a bidiyon hukuma kyauta, ba sa buƙatar kayan aiki sai fili daidai tabarma biyu da takalmi marar tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar babba da ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Ma'aikacin Filato da ya riƙe wannan tsawon wata shida, tare da kulob ɗin kunfu na unguwa idan akwai, zai san ko sha'awarsa ta gaske ce. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko wanda aka taɓa yi wa aikin gwiwa ya fara ganin likitansa.

Sai kuma tambayar bayan dawowa. Takardar makarantar ƙauye ba ta daidai da digiri a wurin ɗaukar ma'aikatan gwamnati, don haka mai neman aiki da ita ya bi hanyar jami'a. Mai niyyar buɗe aji ya tuna cewa waɗanda bincike ya nuna sun fi cin moriyar taici su ne tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi, kuma akasarinsu ba masu kuɗi ba ne. Wata uku a Chenjiagou ko Wudang na gyara wa mutum tsayuwa da taku, su ba shi abin da zai yi shekaru yana maimaitawa. Sauran aikin a Yamai za a yi shi, kowace safiya kafin rana ta ɗaga.